Kwalaben Rumawa: da me aka yi su, yaya aka hura su, kuma daga ina launin bakan gizon ya fito?

Tambaya: Na ga hotunan kwalabe da kofunan gilashi na zamanin Rumawa, wasu sirara kamar ɓawon ƙwai, wasu suna ƙyalli da launin bakan gizo. An ce sun kai shekara dubu biyu. Da me aka yi su, ta yaya aka yi su ba inji ba lantarki, kuma launin nan fenti ne?

Amsa: Malam, bari in fara da ta ƙarshe don ta fi gajarta. Ba fenti ba ne, kuma wanda ya hura kwalbar bai taɓa ganin wannan launi a jikinta ba. Ciwon tsufa ne, zan dawo kansa. Sauran tambayar kuwa sai an fara raba sana'o'i biyu da mutane kan haɗe su wuri guda: masu dafa gilashi daban, masu hura shi daban, sau da yawa ma teku ce a tsakaninsu.

Kayan haɗin biyu ne kacal, yashi da kanwa. Kanwar dangin wadda muka sani ce, ta miya da ta dabbobi, sai dai Rumawa daga Masar suke samo tasu, mafi yawa daga tafkunan Wadi Natrun da ke tsakanin Alƙahira da Iskandariyya, inda ruwa ke ƙafewa da rani ya bar ta a fili. Yashi shi kaɗai ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,700 a ma'aunin Salshiyas, abin da wutar itace ba za ta kai ba. Kanwa ce ke karya masa taurin kai, ta sauko da shi wajen digiri 1,100. In aka auna gilashin Rumawa a ɗakin gwaji, akan tarar kusan kashi 70 cikin ɗari sinadarin yashi ne, kashi 15 zuwa 20 na kanwa, kashi 6 zuwa 9 kuma kalsiyam, sinadarin da ke cikin ƙashi da farar ƙasa. Wannan na ukun ba wanda ya zuba shi da gangan. Cikin yashin yake zuwa, daga ɓarɓashin ɓawon katantanwar teku, shi ya sa ba kowane yashi ke yi ba. Na bakin kogin Belus kusa da garin Akka a gaɓar Sham ya yi suna ne saboda ma'auninsa ya zo daidai. In kalsiyam ya yi ƙaranci, gilashin kan riƙa gumi, danshi ya cinye shi cikin 'yan shekaru. In ya yi yawa, sai ya daskare ya yi duhu kamar dutse. A Bet She'arim, gabas da Haifa, har yau akwai wani falalen gilashi mai nauyin kusan tan 9 kwance a inda aka dafa shi. Kalsiyam ɗinsa ya ninka abin da ake so, ya lalace, masu shi suka tafi suka bar shi. Masana da yawa na ganin bayan zamanin Rumawa aka yi shi, amma salon dafawar duk ɗaya ne.

Pliny Babba, marubucin Rumawa wanda ya rasu a shekara ta 79 miladiyya, ya kawo labarin wasu fataken kanwa da suka yada zango a bakin Belus, suka rasa duwatsun murhu, suka ɗora tukwanensu kan curin kanwa, sai ga gilashi na malala. Labarin da daɗi, amma wutar girki ba ta kai wannan zafin.

Dafawar gaske a manyan tanderu ake yi a Masar da gaɓar Sham. Rami ne mai kusurwa huɗu kamar ƙaramin ɗaki, a cika shi da haɗin, a yi masa rufi, a yi ta zuba itace kwana da kwanaki har tan 8 ko 10 ya narke ya zama abu guda. In ya huce sai a rushe rufin, a farfasa falalen, a loda wa jiragen ruwa. Wani jirgi da ya nutse kusa da tsibirin Embiez a kudancin Faransa wajen shekara ta 200 yana ɗauke da fiye da tan 15 na irin waɗannan curarraki. Ke nan mai hura kwalba a birnin Rum ko Kolon ta Jamus ko Landan sayen gilashinsa yake yi, kamar yadda maƙeri ke sayen ƙarfe, ya haɗa da fasassun kwalabe. Har 'yan bola jari suna da su: a birnin Rum akwai masu yawo suna karɓar fasasshen gilashi, su ba mutum tsinken ƙibiritu na kunna wuta a madadinsa.

Gilashi ya girmi Rumawa da sama da shekara dubu. Abin da ya zo sabo shi ne hurawa. Kafin nan, mai son 'yar kwalbar turare sai ya mulmula yumɓu da kashin dabbobi a kan sandar ƙarfe, ya naɗe shi da narkakken gilashi, in ya huce ya ƙwaƙule cikin. Aiki ne mai cin lokaci, kayan kuma sai gidan masu hali. Shaida mafi tsufa ta hurawa a tsohon Birnin Ƙudus aka tono ta, cikin sharar wata ma'aikata ta ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa (AS): 'yan siraran bututun gilashi da aka toshe bakinsu guda, aka gasa, aka hura ta ɗaya bakin suka kumbura. Daga nan aka koma bututun yumɓu, sannan na ƙarfe. Zuwa zamanin sarki Augustus sana'ar ta isa Italiya, har Strabo, marubucin Girka na wancan zamani, ya rubuta cewa a Rum ana sayen kofin gilashi da kwabon jan ƙarfe guda.

Tanderun mai hura ƙarami ne, zagayayye, faɗin cikinsa bai kai mita ɗaya ba. Wuta a ƙasa, tukunyar yumɓu mai narkakken gilashi a tsakiya, ƙofar aiki a gefe, sai wani ɗan ɗaki a sama ko a gefe na sanyaya kaya. Ba a barin wutar ta mutu, dare da rana ake ba ta busasshen itace don ta zauna tsakanin digiri 1,000 da 1,100. Ɗanyen itace kan sauke zafin, hayaƙinsa kuma ya ɓata launi.

Mai aiki zai fara gasa bakin bututun har ya yi ja, domin gilashi ba ya kama ƙarfe mai sanyi. Sai ya tsoma shi a tukunyar yana murzawa, ya ɗebo curi kamar yadda ake naɗo zuma da tsinke. Daga wannan lokaci hannunsa ba zai daina juya bututun ba. Ya tsaya na daƙiƙa biyu, curin ya zubo gefe guda, kwalba ta fito da ƙusumbi. Zai mirgina curin kan falalen dutse mai santsi don ya daidaita shi a tsakiya, fatar waje kuma ta ɗan yi tauri. Wannan mataki shi ne raba gardama tsakanin gwani da ɗan koyo, saboda iska kullum inda ya fi zafi take bi. In gefe ɗaya ya fi laushi, can za ta kumbura, ya zama kamar takarda, ɗaya gefen ya tsaya da kauri. Galibi akan ƙara sanyaya ƙarshen curin, inda zai zama gindi, don kada ya huje.

Hurawar kanta ba ta son ƙarfin huhu yadda ake zato. Ɗan numfashi ake turawa, a toshe bakin bututun da babban yatsa, zafin gilashin ya buɗa iskar ta kumbura da kanta. Sauran siffar nauyi ne ke yin ta. In ana son doguwar kwalba sai a sunkuyar da bututun ƙasa ko a yi lilo da shi, gilashin ya miƙe kamar alewa. In gajeriya mai tumbi ake so sai a ɗaga shi sama ana hurawa. Wuya da awartaki ake matse shi ana juyawa. Gindi a dangwara shi kan dutse ya baje, ko a tura shi ciki da tsinken ƙarfe don kwalbar ta zauna kan gefenta kada ta yi rawa. Duk wannan cikin gaggawa ne. Siririn gilashi kan daskare kafin minti ɗaya, sai an mayar da shi bakin wuta, kuma in ya daɗe a can ya lanƙwashe ya manne da kansa. 'Yar kwalbar turare a hannun gwani minti biyu ko uku ta ishe ta, kuma wannan saurin ne ya karya farashin gilashi.

Rabuwa da bututu nan ne ake yawan asara. Ana ɗiga ruwa ko a taɓa ƙarfe mai sanyi a inda aka matse, a ƙwanƙwasa bututun sau ɗaya, sai ta ɓalle. Bakin da ya rage yana da kaifi, kuma hanya biyu ake bi da shi. Ta farko a bar kayan ya huce, a goge bakin da dutsen wasawa. Kofunan da aka yi wa haka bakinsu a miƙe yake, da ɗan kaushi. Ta biyu, wadda ta yaɗu a ƙarshen ƙarni na ɗaya miladiyya, ita ce kafin a ɓalle, yaron aiki ya kawo sandar ƙarfe da ɗan ɗigon gilashi a kanta, a manna ta a gindin kayan. Yanzu baki ya zama a sake, sai a mayar da shi wuta, a buɗa shi, a naɗe leɓen ciki ko waje. Duba bakin kwalbar Rumawa da kyau za ka ga sau da yawa leɓen kamar kalmasar riga yake, da siririyar iska a cikinsa. Ɗigon mannawar nan yana da sharaɗi: in ya yi zafi da yawa zai kama sosai, wajen cirewa ya tafi da gindin, in ya yi sanyi kayan ya suɓuce ya faɗi ƙasa ana tsakiyar aiki. Tabon da yake bari, zagaye mai faɗin santimita ɗaya zuwa biyu, kamar cibiya yake a gindin kwalba, kuma Rumawa ba su cika damuwa su goge shi a kayan yau da kullum ba.

Hannun kwalba, wato mariƙinta, a ƙarshe ake sa shi. A ɗiga curi mai zafi a kafaɗa, a ja shi sama zuwa wuya ko leɓe, a naɗe saura a datse. Shi ya sa hannun kan yi kauri a ƙasa ya sirance a sama. In jikin kwalbar ya riga ya huce lokacin da aka ɗora, nan wurin zai tsage.

Saura mataki ɗaya da ba ya barin alama sai in an tsallake shi. Kayan da aka gama ba a ajiye shi a iska. Fatar waje kan riga ciki hucewa, su riƙa jan juna, kwalbar ta fashe da kanta, yau ko bayan mako. Ɗakin sanyayawa ake sa ta a kusan digiri 500, zafin ya sauka sannu a hankali har wayewar gari. Mai kauri ya fi siriri buƙatar lokaci, wanda hakan ma dalili ne da ya sa suka fi son kaya marasa kauri, ban da tsimin gilashi.

A farkon rabin ƙarni na ɗaya miladiyya aka ƙaro wata dabara, hurawa cikin abin da masu buga bulo ke kira mol. Na yumɓu ne ko dutse, gida biyu zuwa huɗu, da zane a sassaƙe a ciki. A zura kumburin yana da zafi, a rufe, a hura da ƙarfi sau ɗaya, a buɗe. A nan ba a juya bututu, don haka layin mahaɗar mol ɗin kan fito a jikin kayan. In gilashin ya huce ko numfashin ya gaza, zanen ya fito dishi-dishi. Wanda ya fi shahara a wannan aiki shi ne Ennion, wanda ake danganta shi da Saida ta Lebanon ta yau. Yana sa sunansa da harshen Girka a jikin kofunansa, cewa Ennion ne ya yi, wasu har da ƙarin cewa mai saye ya tuna. Akwai kuma 'yan kwalaben turare masu siffar busasshen dabino, ruwan zuma, har da tamojin fatar, da kofuna masu hoton 'yan tseren keken doki da sunayensu. Amma a ganina abin da ya fi nuna hankalin mutanen nan shi ne kwalba mai kusurwa huɗu, mai gajeren wuya da faffaɗan hannu, ta mai da giya da sauran kayan ruwa. Tana jeruwa cikin akwati ba ɓarnar wuri, girmanta kuma ɗaya ne da 'yar'uwarta, ga tambarin mai ita a gindi. Rauninta a kusurwoyi yake, domin can gilashi ya fi yin nisa kafin ya taɓa bango, can ya fi sirancewa. A gindin wasu irinta da aka tono a Linz ta Ostiriya an karanta sunan wata mace, Sentia Secunda, da cewa a garin Aquileia na Italiya take yin gilashi.

Launi kuwa, ruwan kore-shuɗi da aka fi gani ba zaɓi ba ne, ƙarfen da ke cikin yashi ne, ko da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Sauran launukan da ma'adinai ake samar da su: shuɗi mai duhu daga kobalt, shunayya daga manganis, shuɗi-kore mai haske daga jan ƙarfe. Launuka masu ƙarfi sun yi tashe har wajen shekara ta 70, daga nan ido ya koma kan gilashi garau mai kama da ƙanƙara, wanda ake samu ta hanyar zuba ɗan antimoni ko manganis su kashe koren. Fasassun kaya masu launi daban-daban in aka narka su tare, ruwan ƙasa-kore suke bayarwa, don haka masu aiki kan ware fari daban.

Ƙididdigar kuɗin ma ta iso mu. Dokar farashi ta sarki Diocletian ta shekara ta 301 da awo ta yanke kuɗin gilashi, a kan fam na Rumawa, kimanin giram 327. Ɗanyen gilashin Iskandariyya dinarin Rumawa 24, ɗanyen na ƙasar Yahudiya, wato yankin Ƙudus, mai kore dinari 13. Kofuna marasa ado na farkon dinari 30, na biyun 20. Leburan gona a dokar dinari 25 yake samu a yini. Kofi mai giram 100 na mai arha ke nan ya kama dinari 6, kwatan kuɗin yini. Ka lura da abin da ya rage wa mai hurawa: dinari 6 ko 7 a kowane fam, a ciki zai sayi itace, ya biya yara, ya ɗauki asarar abin da ya fashe da guntun da ke maƙalewa a bakin bututu. Duk wanda ya yi wannan lissafi zai gane dalilin da ya sa suke hura kaya sirara, suke kuma tsince kowane ɓarɓashi a mayar tukunya.

Kada manyan kayan gidajen tarihi su ruɗe ka. Tulun Portland da ke gidan tarihin Birtaniya hura shi aka yi, shuɗi a ciki fari a waje, sannan masu sassaƙa suka kankare farin suka fitar da hotuna. Wani mutum ya farfasa shi a 1845 aka sake harhaɗawa. Kofin Lycurgus na ƙarni na huɗu kore ne in haske ya faɗo masa ta gaba, ja in ya ratso ta baya, saboda ƙwayoyin zinariya da azurfa da ido ba ya gani. Irin waɗannan ƙalilan ne. Abin da aka fi tonowa shi ne 'yan kwalaben turare da mai, yawanci daga kaburbura, inda ba abin da ya taka su. A wani kabari kusa da Speyer ta Jamus an samu kwalba a 1867, ta ƙarni na huɗu, mai cin kusan lita ɗaya da rabi, har yau da ruwa a cikinta, man zaitun da aka zuba a sama ya daskare ya rufe shi.

To, launin bakan gizo. Kwalba ta yi ɗaruruwan shekaru a ƙasa mai danshi, ruwa na tsotse sinadarin kanwa daga fatarta kaɗan-kaɗan, ya bar na yashi a jere, falle kan falle kamar ɓawon albasa, kowanne ya fi gashi sirantaka nesa ba kusa ba. Haske in ya faɗa kan fallayen sai ya dawo daga zurfi daban-daban ya rarrabu, kamar yadda ake gani in man fetur ya zuba kan ruwa. Wannan ƙyallin jikin kwalbar ne da ya ruɓe, kuma duk fallen da ya faɗi ba ya dawowa. Yanayin ƙasar ne ke yanke hukunci: kwalabe biyu daga tanderu ɗaya, wata ta fito da ruwan azurfa, wata da farin ɓawo kamar alli, wata garau.

Masu jabu sun san mutane wannan ƙyallin suke so, sukan kankaro shi daga fasassun gaske su manna da gam a jikin sabuwar kwalba, ko su haɗa wuyan wata da cikin wata su shafe mahaɗar da laka. Fitilar nan mai shuɗin haske ta duba jabun kuɗi kan tona gam ɗin. Na gaske in ka ɗaga shi za ka ji ya fi yadda ido ya zata sauƙi. Ƙwayoyin iskar cikinsa zagayayyu ne a tumbi, dogaye a wuya, don can aka ja shi. Akan ga baƙin ɗigo na tsatsar bututu a cikin wuyan, da jijiyoyi kamar na zuma da ba ta gauraya ba, kuma da wuya ya tsaya cak ba ɗan karkata. Duk da haka waɗannan alamu na aikin hannu ne kawai, mai hura gilashi na yau zai iya fitar da su, shi ya sa masana ke dogara da sanin inda aka tono abu da gwajin sinadaransa. Ƙasashen da ake samun kayan nan kuma suna da dokokin hana fitar da kayan tarihi.

In irinsa ya zo hannunka ta halal, kada ka wanke shi, kada ka goge shi da tsumma, kada ka shafa masa mai don ya yi sheƙi. Ɗauke shi da hannu biyu ta tumbi, ba ta wuya ko mariƙi ba, a kan tebur mai shimfiɗa. Ajiye shi inda danshin iska ke zaune wajen kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari, nesa da taga da zafin fitila. Ɗakin da ke jiƙewa da damina ya bushe ƙamas da hunturu shi ne mafi muni gare shi, domin fallayen kan kumbura su tsuke har su fara zuba kamar amosanin kai.